Ruwa, Mai da Harsashi: Nazarin Tattalin Arzikin Duniyar Fim Ɗin Mad Max: Fury Road

Gabatarwa

A wani darasi da muka yi da ɗaliban babban digiri a kan dangantakar adabi da fim, muhawara ta kaure bayan mun kalli Mad Max: Fury Road. Wani ɗalibi ne ya tayar da ita. Cewa ya yi, mutanen da aka nuna ba su da ruwan sha, ba su da abin sawa a bakin salati, to daga ina suka samo man da suke ƙonawa haka a tsakiyar hamada? Sauran suka yi masa ca, suka ce ai ƙagaggen labari ne, kuma ba a tambayar tatsuniya shaida. Ni a nawa ganin tambayarsa tana bisa hanya, ita ce ma dalilin rubuta wannan maƙala.

Gaskiya ne ƙagaggen labari yana da ikon gindaya nasa sharuɗɗa. Mai sauraron tatsuniya ya yarda Gizo yana magana da Giwa, har yana yaudararta. Amma idan mai tatsuniya ya fara da cewa an yi fari a garin su Gizo, sa'an nan ya nuna kowa rumbunsa cike ba tare da bayani ba, ko yaro sai ya tsayar da shi. Ashe ƙaryar da ake yafewa daban, wadda take rushe labari daban. Fim ɗin da muke magana a kansa ya gina komai nasa a kan ƙarancin abubuwa: ƙarancin ruwa, da abinci, da mai, da lafiyayyen jini. Wanda ya gina labari a kan ƙaranci kuwa ya shiga fagen tattalin arziki ke nan, ko ya so ko bai so ba, domin asalin wannan fanni shi ne binciken yadda mutane suke raba abin da bai ishe su ba. Saboda haka manufar maƙalar ita ce a auna wannan duniya da ma'aunin da ita ta zaɓar wa kanta, a ga inda lissafinta ya fita da inda ya ƙi fita.

Asalin fim ɗin

Irin waɗannan labarai su ne Turawa suke kira distofiya, watau labarin wata al'umma ta nan gaba wadda zamanta ya lalace matuƙa. A nan za mu kira su labaran bayan rushewa. George Miller, ɗan ƙasar Ostiraliya, wanda likita ne kafin ya koma harkar fim, shi ya fitar da Mad Max na farko a 1979. Wanda suka rubuta labarin tare, James McCausland, ɗan jarida ne, ya kuma bayyana cewa abin da ya gani a gidajen man Ostiraliya lokacin rikicin mai na 1973 shi ya ba shi tunanin, yadda dogon layi ya sa masu motoci suka koma ba hammata iska. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a garuruwanmu ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. Na biyu ya fito a 1981, na uku, Beyond Thunderdome, a 1985. Fury Road ya zo a 2015 ya ci kyautar Oscar shida, sai Furiosa a 2024, wanda ya koma baya ya ba da tarihin abin da ya gabaci Fury Road.

Wani abin lura shi ne, an shirya ɗaukar Fury Road a Broken Hill ta Ostiraliya, sai ruwan sama mai yawa ya sauka, hamadar ta yi kore shar da furanni, tilas aka kwashi kaya aka tafi hamadar Namibiya a 2012. Kafin a nuna duniyar da ba ta da komai sai da aka kashe fiye da dala miliyan 150, aka ƙera motoci wajen 150.

Garuruwa uku

Duniyar fim ɗin ta tsaya a kan garuruwa uku, kamar murhu. Na farko shi ne Sitadel, wasu dogayen duwatsu waɗanda ƙarƙashinsu akwai ruwa, a bisansu kuma akwai lambuna. Mai mulkinsu shi ne Immortan Joe. Na biyu Garin Mai, inda ake haƙo ɗanyen mai a tace, ana ma hango hayaƙinsa daga kan duwatsun. Na uku Gonar Harsashi, inda ake haƙar ma'adinai ana ƙera albarushi da harsasai. Labarin ya fara ne da ayarin ciniki: an cika tanka da ruwa da kayan lambu da nono, an ɗora Furiosa a matsayin madugu, za a kai Garin Mai a karɓo fetur, a kuma karɓo harsashi daga ɗaya garin.

Mai kallo zai iya cewa, yaya za a yi gari ya rayu alhali ba ya noma ko ƙwayar hatsi, ba shi da ruwan kirki? Wannan kam tarihi ya riga ya amsa shi, a cikin Sahara ma kuwa. A 1352 Ibn Baɗuɗa ya ratsa ta Tagaza, bayan tafiyar kwana 25 daga Sijilmasa. Ya tarar da gari wanda gidajensa da masallacinsa da tubalin gishiri aka gina su, aka rufe da fatun raƙuma, babu itace ko ɗaya, ruwansa kuma zartsi ne. Mazaunansa bayin Masufa ne masu haƙar gishiri, abincinsu kuwa dabinon da ake kawowa daga arewa, da naman raƙumi, da geron da ake kawowa daga ƙasar Baƙar Fata. Garin ya daɗe a haka ƙarni bayan ƙarni. Kusa da mu kuma ga Bilma da Fashi, inda ayarin Buzayen Azbin yake ƙetare Tenere da kaka, ya kai gero, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangaro da su ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 20 an ga shekarar da raƙuman ayarin suka kai dubu 20. Idan aka cire kalmar gishiri aka sa mai, Garin Mai na fim ɗin Tagaza ce ta sake dawowa.

Har wa yau tsarin ya nuna abin da ya sa garuruwan ba sa cinye juna. Mai ruwa ba zai iya jawo ruwansa ba sai da mai. Mai matata ba zai kwana uku babu ruwa ba. Su biyun kuma ba za su tsare hanya daga 'yan fashi ba sai da harsashi. Kowa ya riƙe maƙogwaron ɗan'uwansa, shi ya sa suke kiran juna 'yan'uwa. Amma ba daidai suke ba. Fetur ana iya jiransa wata guda, ƙishirwa ba ta jiran mako. Saboda haka da fim ya sa Joe a kan sauran biyun, ya bi hankali.

Sai dai akwai abin da ya bambanta Tagaza da Garin Mai, kuma shi ne babban giɓin farko. Tagaza ta rayu ne domin a bayanta akwai faffaɗar ƙasar noma mai miliyoyin mutane masu bukatar gishiri, suna da rarar hatsin da za su biya da ita. Garin Mai da Gonar Harsashi ba su da kowa a bayansu sai lambunan da suke bisa duwatsu uku. To ko waɗannan lambuna za su ɗauki nauyin?

Lissafin hatsi da ruwa

Fim bai faɗi yawan mutanen ba, saboda haka bari mu ƙaddara adadi domin misali kawai. A ce dukan garuruwan uku, da mayaƙa da makanikai da masu haƙa da talakawan da suke gindin dutse, mutum 5,000 ne. Mutum ɗaya yana bukatar kimanin kilo 200 na hatsi a shekara in hatsi ne ginshiƙin abincinsa. Jimla tan 1,000 ke nan. Idan hekta ɗaya ta noman rani ta ba da tan 2, wanda ba laifi ga wanda ba shi da takin zamani, ana bukatar hekta 500. Duk wanda ya dubi saman duwatsun nan a fim ya san ba su kai ko kusa ba. Abin da aka nuna ma ganyaye ne da kayan miya da ake renonsu a jere cikin ɗakuna. Ganye yana da amfani, amma ba ya riƙe cikin mai haƙar dalma.

Bari mu yafe wannan, mu ce akwai filin. Sauran ruwa. Noman kilo ɗaya na hatsi a ƙasa mai zafi yana shan ruwa aƙalla lita 1,000. Tan 1,000 zai sha lita biliyan ɗaya a shekara. Ruwan sha da na girki, ko an ba kowa lita 15 a yini kamar yadda ake ƙiyasta wa sansanin 'yan gudun hijira, bai kai kashi 3 cikin 100 na wannan ba. Wannan wuri ne da masu kallo suke yawan kuskure: suna ganin arzikin Joe shi ne ruwan sha, alhali ruwan sha ɗan kaɗan ne. Abin da yake cin ruwa shi ne tuwo.

Samuwar ruwan a ƙarƙashin hamada ba abin mamaki ba ne. A Ostiraliya akwai wani makeken kwarin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya mamaye kusan murabba'in kilomita miliyan 1.7, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Wahalar ita ce ɗaga shi. A ce daga inda ruwan yake zuwa saman dutse mita 200 ne. Ɗaga lita biliyan ɗaya zuwa wannan tsawo yana cin ƙarfin da ya kai awon lantarki dubu 540 da 'yan kai, irin awon da mita take ƙirgawa a gidajenmu. Ƙaƙƙarfan mutum da ya yini yana aiki awa takwas ba ya ba da fiye da kashi 6 cikin 10 na awo ɗaya, watau wajen 220 a shekara in bai huta ko rana ɗaya ba. Ashe in da ƙarfin mutum za a ja ruwan, kamar yadda aka nuna bayi suna taka wasu manyan ƙafafun ƙarfe domin ɗaga motoci, sai an sa mutum kusan 2,500, rabin jama'ar da muka ƙaddara, ba su da aiki sai jigo. Amma idan injin dizal ne, ko da kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ƙarfin man yake isa ga ruwan, lita 600 a yini ta isa, watau duro uku.

Wannan ɗan lissafi ya nuna abu biyu. Na ɗaya, cinikin ruwa da mai da aka gina labarin a kansa yana da tushe sosai, ya ma fi yadda fim ya nuna, domin duro uku na dizal suna yin aikin bayi dubbai waɗanda su ma sai an ciyar da su. Na biyu, duk litar da aka ƙona a tseren hamada hatsi ne aka ƙona. Mai mulkin da ya san wannan zai riƙa auna mai da cokali.

Batun nonon 'yan Adam da aka nuna ana tatsa ana kaiwa kasuwa ba ya bukatar dogon bayani. Mai shayarwa tana ba da wajen kashi uku cikin huɗu na lita a yini, abin da yake cikinsa na gina jiki kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ita take ci ba. A matsayin abinci asara ce tsagwaronta, akuya ta fi riba nesa ba kusa ba. Sai dai a ɗauke shi a matsayin kayan alfarmar masu mulki, wanda tsadarsa ita ce amfaninsa, da kuma hanyar da mai fim ya bi ya nuna cewa a wannan gari jikin mutum ma dukiyar sarki ce, kamar yadda aka mai da Max jakar ƙarin jini.

Matsalar mota

A nan ne ɗalibin nan ya fi gaskiya, ko da yake ba ta fuskar da ya zata ba. Fetur ɗin da aka bari a gidajen mai ba zai yi amfani ba, domin fetur yana lalacewa cikin watanni ko shekara guda in an ajiye shi, labarin kuwa yana faruwa ne bayan an haifi wasu sun girma ba su san tsohuwar duniya ba. Masu fim sun san da haka, shi ya sa suka kawo matata. Tace ɗanyen mai da kayan gargajiya kuma abu ne mai yiwuwa. An yi shi a ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. An yi shi a gabashin Siriya bayan ɓarkewar yaƙi a 2011. An daɗe ana yin sa a ɓoye cikin dazuzzukan Neja Delta da duro da bututu da wutar itace. Abin da irin wannan tafasawa take bayarwa da sauƙi shi ne kananzir da dizal. Fetur ɗin da take fitarwa mai rauni ne, yana sa inji ƙwanƙwasa, domin fetur mai ƙarfi sai an bi da shi ta wasu matakai masu bukatar sinadarai da ƙwararru. Manyan injunan tsere masu silinda takwas, waɗanda mayaƙan Joe suke yi wa sujada, su ne suka fi kowane inji ƙin irin wannan mai. Da tsofaffin motocin dizal aka nuna suna tafiyar hawainiya da an fi kusa da gaskiya, amma da ba wanda zai sayi tikiti.

Mai ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Mota ba da mai kaɗai take tafiya ba. Tana bukatar taya, taya kuwa roba ce, wadda ko dai a samo ta daga itacen da ake nomawa a ƙasashe masu dausayi irin su Tailan da Indunusiya, ko a haɗa ta a babbar masana'anta. Roba tana tsufa ta tsattsage ko ba a hau ta ba. Ga batir, ga fulogi, ga bel, ga baƙin mai, ga matatar iska wadda rairayi yake kashewa cikin 'yan kwanaki. Makanikanmu da 'yan gwangwan sun nuna mana iyakar abin da dabara take iya yi, kuma ba kaɗan ba ne. Kuba ma ta riƙe motocin Amurka na shekarun 1950 har fiye da rabin ƙarni. Amma Kuba ba ta yanke da duniya ba, ana sa wa motocin nan injunan wasu ƙasashe. Kuma da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 mai ya yanke mata, abin da ya faru shi ne shanun huɗa sun koma gona, aka shigo da kekuna kimanin miliyan ɗaya daga Sin. Haka Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, duk da masana'antunta, yawancin kayan sojanta na ƙasa dawaki ne suke ja, motocin farar hula da yawa kuma aka mai da su masu amfani da hayaƙin itace. Al'ummar da mai ya yi wa ƙaranci takan koma ga dabba. A Ostiraliya dabbar tana nan, domin raƙuman da aka kai can a ƙarni na 19 sun bazu cikin daji har dubu ɗaruruwa. A fim na 1985 an nuna Max da keken da raƙuma suke ja, kuma wannan hoto ya fi dukan motocin Fury Road kama da abin da zai faru.

Harsashi shi ma haka. Baƙin albarushi irin na bindigar maharba ba wuya: kashi 75 gishirin albarushi, 15 gawayi, 10 farar wuta. Dalma ma ana haƙa a narke. Maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan sun shahara da kwaikwayon bindigogin zamani da hannu. Amma harsashin bindiga mai sarrafa kanta yana bukatar kwanson tagulla mai daidaitaccen awo, da ɗan maƙyastin da yake gindinsa, da albarushi marar hayaƙi wanda ba a yin sa sai da ruwan sinadari mai ƙarfi. Kowane ɗayansu sana'a ce mai zaman kanta, a bayanta kuma akwai wasu sana'o'in. Adam Smith ya nuna tun 1776 cewa rabon sana'a yana tafiya ne da faɗin kasuwa. Mutum 5,000 ba su isa su riƙe ilmin haƙar mai, da tacewa, da haɗa sinadarai, da narkar da ƙarfe, da likitanci a lokaci guda ba, balle su koya wa na baya. Bayan janyewar mulkin Rum daga Ingila a wajen shekara ta 410, ba a yi ƙarni guda ba sai da amfani da tsabar kuɗi da ginin tukwane a kan juyi suka ɓace daga ƙasar, ba domin ƙasar tukwane ta ƙare ba, sai domin kasuwar da take ciyar da magina ta watse.

A nan ya kamata a yaba wa fim na 1985 a kan abu ɗaya. Garin Musaya da aka nuna a cikinsa yana samun wuta daga iskar da take fita daga kashin aladu. Lissafin bai fita ba, tun da ba a ga gonar da take ciyar da aladun ba, kuma ƙarfin da yake cikin iskar bai kai wanda yake cikin abincinsu ba. Amma da aka nuna mutum ɗaya da ya san sirrin injin yana rufe bututu ya tilasta wa sarauniyar gari ta amsa a bainar jama'a cewa shi ne mai gari, an faɗi gaskiya: inda ilmi ya yi ƙaranci, mai shi ya fi mai takobi.

Rashin kuɗi da ladan aiki

Ba a ga kuɗi ko sau ɗaya a Fury Road ba. Cinikin duka na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne. Furiosa ma da galan 3,000 na fetur ta yi alkawarin biyan fito ga masu tsaron mashigin dutse. Shin wannan zai yiwu? Tsakanin sarakuna uku masu musayar kaya uku, zai yiwu. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta mulki miliyoyin mutane ba tare da tsabar kuɗi ba, talakawa suna biya da aikin gayya na tilas, hukuma tana tarawa a rumbuna tana rabawa. Sitadel irin wannan ce, gandun sarki ne babba.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce a ƙasa, tsakanin talakawa da mayaƙa, wani abu bai zama kuɗi ba. R. A. Radford, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Jamusawa, ya rubuta a 1945 yadda taba sigari ta zama kuɗi a sansaninsu ba tare da kowa ya ba da umarni ba, har farashi yana hawa yana sauka gwargwadon yawanta. A ƙasashen kudu da Tagaza gutsuren gishiri ya yi wannan aiki, a Kano kuma wuri, wanda Barth ya tarar a 1851 ana ba da 2,500 a kan riyal ɗaya. A duniyar Joe harsashi ne ya cika sharuɗɗan: ƙarami ne, ana ƙirga shi, ba ya ruɓewa da wuri, kowa yana so. Rashin 'yan bumburutu a gindin Garin Mai ya fi komai ba ni mamaki a fim ɗin.

Ladan mayaƙa kuwa an warware shi da wayo. Samari ne marasa lafiya waɗanda suka san kwanansu kaɗan ne, an rene su tun suna yara a kan cewa Joe ne zai buɗe musu ƙofar wata aljanna tasa idan suka mutu a gabansa. Rundunar da ake biya da alkawarin da ba a cika shi a duniya ita ce mafi arahar runduna. Ko motar makaɗa da take bin ayarin yaƙi, mai ganguna da garaya mai aman wuta, ba shirme ba ce gaba ɗaya. Wanda ya san aikin tambari da kakaki a fagen daga ya san kiɗa umarni ne ga wanda murya ba ta kai gare shi.

Mai ruwa da mulki

A 1957 Karl Wittfogel ya kawo ra'ayin cewa mulkin kama-karya ya samo asali ne daga ikon raba ruwa a ƙasashen da noma ya dogara ga ban-ruwa. Masana sun yi masa raddi, suka nuna cewa a Iraƙi ta dā manyan magudanai sun biyo bayan kafuwar daula ne, a tsibirin Bali kuma manoma ne da kansu suke tsara rabon ruwa. Amma Sitadel ta dace da ra'ayinsa fiye da kowace ƙasa ta gaske, domin mafitar ruwan ɗaya ce tak, makullinta kuma yana hannun mutum ɗaya. Yadda Joe yake sakin ruwa daga saman dutse ya kwarara na ɗan lokaci, yawancinsa ya bi ƙasa, mutane suna turereniya da ƙwarya, ɓarna ce idan rabon ruwa ake nufi. Idan kuwa nufin shi ne kowa ya ɗaga kai ya ga daga hannun wa ruwa yake fitowa, to kuɗin da aka kashe ya biya.

Mancur Olson, a wata maƙala ta 1993, ya bambanta ɗan fashi mai yawo da ɗan fashi mazauni. Mai yawo yakan kwashe komai ya wuce. Mazauni yakan bar wa mutane abin da za su rayu su sake samarwa, domin gobe ma shi zai karɓa. Fim na 2024 kamar an yi shi ne domin bayyana wannan. Dementus, shugaban rundunar babura, ya ƙwace Garin Mai da yaudara, ya tilasta a ƙara masa kason ruwa da abinci, amma da yake bai san komai ba sai kwasa, garin ya lalace a hannunsa, mai ya ragu, jama'a suka yi bore, abin ya ƙare da yaƙin kwana 40. Ibn Haldun ya riga su duka, tun 1377 ya bayyana yadda zalunci yake kashe sha'awar nema, neman in ya mutu harajin ma ya mutu.

Da wannan ma'auni, babban abin da Joe ya yi a Fury Road, watau kwashe dukan rundunarsa da ta abokansa domin bin mata biyar, ya bar gari ba mai tsaro, wauta ce. Fim ɗin bai ɓoye haka ba. Ya sa mai mulkin Garin Mai yana biye da littafin lissafi yana ƙirga fetur da babura da motocin da aka yi asara, yana gunaguni. A wurin Joe kuwa magaji lafiyayye shi ne abin da ya fi komai ƙaranci, kuma tarihi cike yake da sarakunan da suka tsiyata baitulmali a kan abin da bai kai wannan ba. Wautar mai mulki ba ta cikin abubuwan da suke sa labari ya zama ƙarya.

Inda na fi shakka shi ne ƙarshen fim. An kashe Joe, an buɗe bututu, ruwa yana zuba, jama'a suna murna. Amma ruwan ƙarƙashin hamada yawancinsa tsohon ajiya ne na dubban shekaru, ba ya komawa da saurin da ake ɗibarsa. Saudiyya ta yi noman alkama da irinsa har ta shiga cikin masu fitar da ita waje a farkon shekarun 1990, sai ga shi a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye hannu daga sayen alkamar gida sannu a hankali zuwa 2016 domin ruwan yana ƙarewa. Fim ɗin kansa ya nuna Koren Wuri, mahaifar Furiosa, ya zama fadama mai guba. Saboda haka sabbin masu mulki za su wayi gari da tambayoyin da Joe ya amsa da ƙarfi: lita nawa za a ja a yini, nawa za a sha, nawa za a ba jakar irin da tsohuwar nan ta bari, nawa za a kai Garin Mai, wanda ba shi da shugaba yanzu, domin a sami duro ukun da famfo yake sha. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna a littafinta na 1990 cewa jama'a suna iya tsara irin wannan rabo da kansu ba tare da azzalumi ba, muddin akwai iyaka sananniya, da mai sa ido, da hukunci ga wanda ya ƙetare. A zangunan Tuwat na Aljeriya, inda ake jawo ruwa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, akwai ma'aunin ruwa na gari mai faifan tagulla mai huji-huji, da littafin da ake rubuta kason kowane gida. Sitadel za ta bukaci irin wannan mutum da irin wannan littafi tun kafin mako ya zagayo, kuma daga cikin waɗanda aka nuna suna hawa dutsen a ƙarshen fim, matan nan da Joe ya tsare a ɗaki mai littattafai su ne aka tabbatar sun iya karatu.